Yadda Ake Kammala Digiri na Biyu a Fannin Abinci da Gina Jiki a Jami'o'in Najeriya

Ba darasin aji ne ke riƙe ɗalibin digiri na biyu shekara huɗu ko biyar a makaranta ba. Aji zango biyu ne an gama. Kundin bincike ne ke cin lokaci, kuma yawancin jinkirin daga rashin sanin abin da ya kamata ya riga wani yake tasowa. Wani ya tattara bayanai kafin ya sami izinin kwamitin ɗa'a, wani ya shiga ƙauye awon yara da sikelin da bai gwada ba, wani ya gama rubutu sannan aka gano akwai kwas ɗin da bai ci ba. Bayanin nan na wanda ya sami gurbi ne, ko yake nema, a Ibadan, Nsukka, Abeokuta, Zariya ko Kano. Tsarin kusan ɗaya ne, domin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke shimfiɗa mafi ƙarancin sharuɗɗa, sannan kowace jami'a ta ɗora nata a kai.

Abin da za ka tanada

Takardu: shaidar digirin farko, galibi mai daraja ta biyu ko sama da haka, da cikakken sakamakonka wanda tsohuwar jami'arka za ta aika, da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da sakamakon sakandare. Wanda ya fito da HND ko da digiri mai daraja ta uku, yawanci sai ya fara yin difloma ta gaba da digiri, wato PGD. Ka nemi cikakken sakamakon nan da wuri. Yakan ɗauki watanni, kuma akwai jami'o'in da ba za su bari ka kare kundi ba in babu shi a fayil ɗinka.

Littafin ƙa'idoji na makarantar karatun gaba da digirin farko, da na sashenka. Shi ne alƙalinka a duk wata gardama kan yawan yunit (wato nauyin da ake ba kowane kwas), wa'adin karatu da tsarin buga kundi. Kada ka dogara da "wani ya ce".

Kwamfutar tafi-da-gidanka, da manhajar ƙididdiga guda ɗaya (SPSS, Stata ko R), da WHO Anthro don lissafin girman yara, da Zotero ko Mendeley don jera manazarta. In kuɗi sun yi kaɗan, R da WHO Anthro da Zotero duk kyauta ne.

Kayan awo in bincikenka na cikin al'umma ne: sikeli mai nuna giram 100, allon auna tsawo, zaren auna dantse, sikelin kicin, da kwanonin da mutanen wurin ke amfani da su. Sai fayil ɗaya mai ƙarfi na ajiye duk wani rasit da takarda mai sa hannu.

1. Rajista

Ka biya kuɗin makaranta, ka yi rajistar kwasa-kwasai a shafin jami'a, ka buga fom ɗin, mai kula da karatun gaba da digiri na sashe ya sa hannu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin rajista a shekara ta biyu, ɗalibi ya ce ai ya gama aji, bincike kawai ya rage. Duk shekarar da sunanka ke makaranta sai ka sabunta rajista. In wata lalura ta taso, haihuwa ko rashin lafiya ko canjin wurin aiki, ka rubuta takardar neman jingine karatu ta hannun shugaban sashe, ka riƙe kwafin amincewar. Wanda ya ɓace ba takarda, wa'adinsa na tafiya yana zaune a gida.

2. Kwasa-kwasai da lissafin maki

A jami'o'i da yawa ana neman yunit 30 ko sama da haka, 6 daga ciki na kundi ne, sauran na aji. Na dole sukan haɗa da yadda jiki ke sarrafa abinci, da hanyoyin tantance matsayin gina jiki, da abincin marasa lafiya kamar masu ciwon suga, hawan jini da ciwon ƙoda, da gina jiki a cikin al'umma, da abincin uwa da jariri, da dabarun bincike da ƙididdiga, da taron ƙara wa juna sani. Na zaɓi kuwa ka ɗauki waɗanda za su yi wa kundinka aiki. Mai niyyar bincike kan abincin yaye ya ɗauki kwas ɗin nazarin sinadaran abinci, mai niyyar aiki da masu ciwon suga ya ƙara na asibiti.

Makin ci a wannan mataki 50 ne, ba 40 ko 45 na digirin farko ba. A daga 70 zuwa sama yake, darajarsa 5. B daga 60 zuwa 69, darajarsa 4. C daga 50 zuwa 59, darajarsa 3. Ƙasa da haka faɗuwa ce, sai an maimaita kwas ɗin in na dole ne. Ga yadda ake lissafi: kwas mai yunit 3 ka sami A, ya ba ka 15, wani mai yunit 3 ka sami C, ya ba ka 9, mai yunit 2 ka sami B, ya ba ka 8. Jimla 32, a raba da yunit 8, ya zama 4.0. Irin wannan matsakaicin maki na duka kwasa-kwasanka shi ake kira CGPA. In kana da burin digiri na uku, kada ka tsaya a "na dai ci". Jami'o'i da dama suna neman CGPA 3.5 kafin su ɗauke ka, kuma wanda ya jera C tun daga farko har ƙarshe a 3.0 zai tsaya.

Kwas ɗin ƙididdiga shi ne wanda ɗalibai suka fi haddacewa don jarrabawa su watsar, kuma shi ne zai tare su a ranar kare kundi. Ka zauna gaban kwamfuta da bayanai na gaske tun a zangon farko.

3. Malami mai duba aiki da batun bincike

Kada ka jira sai an gama aji. Tun cikin zango na farko ka fara karanta kundayen da aka yi a sashen, ka ga wane malami ke aiki a kan me. Batu mai kyau yana da iyaka: wa za a auna, a ina, me za a auna. "Tamowa a Arewacin Najeriya" ba batu ba ne, teku ne. "Yanayin ciyarwa da tsumburewa a tsakanin yara 'yan wata 6 zuwa 23 a ƙaramar hukuma kaza" batu ne da mutum ɗaya zai iya gamawa da aljihunsa.

Ka auna aljihun da gaske. Binciken da ke buƙatar gwajin sinadarin ƙarfe ko zinki a jini yana cin kuɗi, kuma samfurin jini yana lalacewa in wuta ta ɗauke. In ba ka da tallafi, gwajin hemogulobin da na'urar HemoCue ya fi sauƙi, ko ka tsaya a awon jiki da tambayoyin abinci.

Duk zaman da ka yi da malaminka ka rubuta abin da aka tsayar da kwanan wata. Ka kai masa aiki babi-babi a buge, kada ka tara masa shafi ɗari lokaci guda. In gyara ya fito, ka mayar da sabon bugu tare da tsohon da ya yi wa jan biro, don ya ga ka bi abin da ya ce.

4. Takardar ƙudurin bincike

Ita ce babi uku na farko: gabatarwa da manufofi, bitar ayyukan da suka gabata, sai hanyoyin gudanar da bincike. Za ka gabatar da ita gaban malaman sashe. Manufofi uku ko huɗu sun isa, kuma kowace ta zama tana da abin aunawa a babi na uku. Manufar da ba ta da tambaya a fom ɗinka za ta zama rami a babi na huɗu, inda ake kawo sakamakon bincike.

Tambayar da ba ta wuce kowa ita ce: ta yaya ka sami yawan mutanen da za ka auna? Lissafin da aka saba shi ne a ninka 1.96 da kansa, a ninka da kason da ake tsammanin matsalar ta kai, a ninka da abin da ya rage daga 1, sannan a raba da 0.05 da aka ninka da kansa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Da 0.37 za ka sami yara 358. In ba ka da wani adadi na baya, ka yi amfani da 0.5, ya ba ka 384. Ka ƙara kashi 10 saboda waɗanda za su ƙi ko ba za a same su ba. In unguwa-unguwa za ka ɗiba, ba gida-gida daga jeri ɗaya ba, sai ka ninka adadin da 1.5 ko 2, domin yaran unguwa ɗaya sukan yi kama da juna a ci da sha. Adadin da ya fi dacewa shi ne na jiharka ko yankinka in akwai, don tsumburewa a Arewa maso Yamma ta zarce ta ƙasa nesa ba kusa ba.

5. Izinin kwamitin ɗa'a da shiga gari

Duk binciken da ya shafi ɗan Adam, ko tambaya ce kawai, sai da takardar izini. Ana samunta daga kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, ko na asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika, ko na ma'aikatar lafiya ta jiha. Za ka kai ƙudurin da sashe ya amince da shi, da fom ɗin tambayoyi, da takardar neman yarda cikin Turanci da Hausa. Bayanan da aka tattara kafin ranar da ke kan takardar izini ba su da amfani, kuma mujallu ba za su buga su ba.

Takardar gwamnati ba ta buɗe ƙofar gida. Ka bi ta sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ka gai da hakimi, ka je wurin dagaci da mai unguwa, a haɗa ka da ɗan rakiya. Gidaje da yawa ba a shiga, don haka mata ne za su yi awo da tambaya a ciki, kuma sau da yawa sai mai gida ya sani kafin uwar ɗa ta amsa. Ka faɗi gaskiya tun a ƙofa cewa karatu ne ba rabon tallafi ba. In aka zaci rabo ne, amsoshin za su karkata, kowa ya ce jiya bai ci komai ba.

6. Tattara bayanai

A nan ake gyara kundi, a nan ake ɓata shi. Ka horar da masu taya ka na kwana biyu ko uku, kowa ya auna yara guda goma sau biyu, a kwatanta. Ka gwada fom ɗin a wata unguwa da ba ta cikin bincike, ka gyara tambayoyin da suka rikita mutane. In da hali ka sa shi a waya da KoboToolbox, yana aiki ko babu intanet, kuma za ka iya hana shi karɓar nauyin kilo 85 ga jariri.

Nauyi: a ajiye sikeli a daɓe mai tauri, ba kan yashi ko tabarma ba. Yaro ya cire takalmi da kaya masu nauyi. Wanda ba ya tsayuwa a auna uwa ita kaɗai, a miƙa mata shi a sake aunawa, a cire nauyin uwar. Kowace safiya a gwada sikelin da abu mai sanannen nauyi. In babu ƙarfen gwaji, a cika jarka da ruwa a rufe ta gam, a rubuta nauyinta ranar farko, a riƙa ɗora ta kullum.

Tsawo: ɗan ƙasa da wata 24 a kwance ake auna shi, mutum biyu, ɗaya ya riƙe kai a jikin allo, ɗaya ya miƙe gwiwa ya matso da katakon ƙafa. Daga wata 24 a tsaye. In ɗan shekara biyu ya ƙi tsayuwa aka auna shi a kwance, a rage santimita 0.7. Kitso mai tudu da ɗankwali suna ƙara wa yarinya tsawon da ba nata ba.

Dantse: na hagu, daidai tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59. Kada zaren ya matse fata, kada ya yi sako-sako. Ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 matsakaiciya. A danna saman ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In rami ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne. Irin wannan yaro ba lamba ba ce a takardarka. A ranar za ka rubuta masa takardar zuwa cibiyar da ake ba da madarar tamowa, ka tabbatar uwar ta san inda wurin yake.

Shekaru: wannan ne ya fi lalata lissafin tsumburewa. Uwa za ta ce "shekararsa biyu", alhali watansa 19 ko 28. Ka nemi katin rigakafi. In babu, ka tanadi jadawalin abubuwan da kowa ke tunawa: ƙaramar salla, babbar salla, Mauludi, shuka, kaka, zaɓen 2023, lokacin canjin kuɗi. "An haife shi kafin layya ko bayanta?" ta fi "watansa nawa?" fitar da gaskiya.

Abincin jiya: ana bin yinin tun daga farkawa har kwanciya, a zagaya sau biyu ko uku, a tuno da abin da ake mantawa, ƙuli-ƙuli, rake, awara, shayi, fura a gidan maƙwabta. "Tuwo da miya" ba amsa ba ce. Tuwon me, miyar me, da manja ko man gyaɗa, da daddawa, da nama ko babu? Yara da yawa kwano ɗaya suke ci da 'yan'uwansu, don haka ka sa uwa ta nuna malmalar da aka zuba da yawan hannun da ya shiga. Ka sayi ludayin koko, ƙosai na naira kaza da malmalar tuwo a garin, ka auna su da sikelin kicin don ka mayar da su giram. Teburin sinadaran abincin Afirka ta Yamma na FAO na 2019 shi za ka yi lissafi da shi. In ƙididdige giram ya fi ƙarfinka, ka tsaya a ƙirga rukunin abinci: biyar cikin takwas ga yaro ɗan wata 6 zuwa 23, biyar cikin goma ga mace mai shekara 15 zuwa 49.

Kada ka yi tambayar abinci cikin azumi, ko ranar salla, ko washegarin biki ko suna. Ka kuma rubuta lokacin da ka yi aikin, domin ramar yara a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa ga zazzaɓi da gudawa, ba ɗaya take da ta bayan kaka ba.

Wanda nasa na ɗakin gwaje-gwaje ne, kamar haɗa garin kunun yaye da gero, waken suya da gyaɗa, ya yi kowane gwaji sau uku. Danshi a tanda mai zafin digiri 105 har nauyi ya daina sauka, toka a digiri 550, furotin ta hanyar Kjeldahl a ninka naitirojin da 6.25, maiƙo da na'urar Soxhlet. In waje ka kai aka yi maka, ka karɓo ɗanyen lissafin, ba sakamakon ƙarshe kaɗai ba, ka kuma haɗa kason duka ka gani ko ya yi ɗari.

7. Nazari da rubutu

Ka tsabtace bayanai kafin komai. WHO Anthro zai yi wa adadin da ba zai yiwu ba alama, kamar makin tsawo (lambar da ke nuna nisan yaro daga ma'aunin sa'o'insa) da ya wuce 6 sama ko ƙasa. Ka koma takardar asali ka duba, kada ka gyara da ka. Makin tsawo ƙasa da -2 shi ne tsumburewa, makin nauyi gwargwadon tsawo ƙasa da -2 shi ne rama, ƙasa da -3 mai tsanani. Ka ajiye kwafi a wuri uku, ɗaya a imel.

Babi na huɗu ya bi manufofi ɗaya bayan ɗaya. Babi na biyar ya faɗi ma'anar abin da ka samu da dalilin da ya sa ya yi daidai ko ya saɓa da na wasu. Binciken da aka yi a lokaci guda alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa wannan ne ya haddasa wancan, kuma mai jarrabawa zai kama ka in ka rubuta haka. In wani ya taya ka lissafi, ka zauna kusa da shi har ka iya maimaitawa da kanka. Abin takaici ne ɗalibi ya sha rana wata biyu a ƙauye, sannan ya kasa bayyana teburinsa.

Za a sa kundin a manhajar gano satar fasaha irin Turnitin, kuma kowace jami'a da iyakar da ta sa. Babi na biyu ne ke jawo matsala. Ka karanta, ka rufe takardar, ka rubuta da bakinka, ka ambaci mai ita.

8. Kare kundi

Akwai na cikin gida gaban sashe, sannan na ƙarshe gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Kafin a kai nan sai an amince da taken kundinka a hukumance, kuma harafi ɗaya in ya bambanta tsakanin taken da aka amince da wanda ke bangon kundi, za a dawo da shi. Wasu jami'o'in suna neman shaidar ka buga maƙala ko ka gabatar a taro, irin na Ƙungiyar Masana Gina Jiki ta Najeriya. Ka duba wannan tun da wuri, ka kuma guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin kwana uku.

Bayaninka kada ya wuce mintunan da aka ba ka. Ka zo da takardar izinin ɗa'a, da fom ɗin da aka cike, da kwamfutar da bayanan ke ciki. Ka sa wani ya rubuta maka duk gyaran da aka faɗa, don kai ba za ka riƙe ba.

9. Gyara, ɗauri da sallama

Da zafi-zafi akan daki ƙarfe. Gyaran bayan kare kundi yana da wa'adi, kuma wanda ya wuce shi zai iya biyan kuɗin wata shekara. Ka yi tebur: gyaran da aka nema, abin da ka yi, shafin da yake. Mai jarrabawa na cikin gida ya sa hannu, sannan ka ɗaure da launin bango da yawan kwafin da littafin ƙa'idoji ya faɗa. Daga nan sakamako zai bi ta sashe, tsangaya, makarantar gaba da digiri, har majalisar dattawan jami'a. Sai ta amince ka zama mai digiri, ba ranar da aka tafa maka ba. Ka riƙa leƙawa kana tambayar inda fayil ɗinka ya kwana, sannan ka zagaya ɗakin karatu da ofishin kuɗi don takardar sallama.

Mai son aikin tsara abincin marasa lafiya a asibiti ya sani cewa wannan digiri bai ɗauke masa horon shekara ɗaya na sanin makamar aiki a asibitin da aka amince da shi ba. In bai yi shi bayan digirin farko ba, ya fara neman gurbi tun yana jiran sakamako, domin guraben kaɗan ne kuma ba kullum ake tallata su ba.